Ƙwai, hanta, sadin ko wake: wanne zai sa kare ya cinye abincinsa da kuɗi kaɗan?

Duk mai kare ya san wannan wulaƙancin, ka zuba masa abinci ya taso da saurinsa, ya sunsuna sau biyu, ya ɗago ya kalle ka sannan ya koma inda ya fito ya kwanta abinsa. Buhun abincin ka riga ka biya kuɗinsa, tsokar nama kuma ba kowa ne zai iya saya wa kare kullum ba, shi ya sa ake neman ɗan abu mai araha da za a kwaɓa a ciki ya ƙara wa abincin armashi ya kuma ƙara furotin. To amma kowa da nasa, wannan ya ce ƙwai, wancan ya ce hanta, wani ya rantse maka da wake, sai ka rasa na kamawa.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne kare da hanci yake zaɓen abinci. Ƙwayoyin ɗanɗano da ke harshensa wajen 1,700 ne kawai, na mutum kuwa wajen 9,000, amma a hanci ya bar mu nesa, na shi ƙwayoyin jin ƙanshin suna iya kaiwa miliyan 300 alhali namu ba su wuce miliyan 6 ba. Kenan abu yana iya cika da furotin a takarda amma kare ya sunsuna ya wuce, wani kuma furotin ɗinsa kaɗan ne amma ƙanshinsa kawai zai sa a lashe kwano tas. Buƙatu biyu ne daban, kuma yawancin masu ruɗewa a nan suke haɗa su.

Kafin ma ka kashe ko sisi, duba abu biyu. In karen da can yana ci ne sai ya daina kwatsam, ya wuce kwana ɗaya bai ci ba, ko yana amai, ko yana zubar da yawu yana tauna da gefe ɗaya, wannan ba yanga ba ce, likitan dabbobi za ka nema don sau da yawa haƙori ne ko ciki. Sannan ka sa hancinka a buhun, maiƙon da ake fesa wa busasshen abinci yana lalacewa in buhu ya daɗe a buɗe ko yana wurin zafi, kare kuma yana jin haka tun kafin kai ka ji.

Da me za mu auna

Na farko jan hanci, wato in an zuba zai ci ko ba zai ci ba. Na biyu furotin nawa ke cikin giram 100. Sai kuɗi, kuma a nan kar ka duba kuɗin kilo, ka duba kwana nawa abin zai yi maka, don akwai abin da cokali ɗaya ya isa akwai wanda sai ka zuba ludayi. Sai ajiya, sai wahalar haɗawa, sai kuma haɗari wanda ni a wurina shi ya fi sauran nauyi tunda arahar da za ta kai ka asibitin dabbobi ba araha ba ce.

Akwai kuma iyaka da likitocin dabbobi suke yawan maimaitawa, in karenka yana cin cikakken abincin buhu, duk abin da za ka ƙara kar ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin da yake ci a rana, kalori kuwa shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa. Babban kare mai kilo 10 yana buƙatar kalori wajen 600, kenan ƙarin bai wuce 60 ba. Mai kilo 20 wajen 1,000, ƙarinsa 100. Mai kilo 30 wajen 1,400, ƙarinsa 140. Lissafi ne na kusa-kusa, mai yawan gudu ya fi haka, tsoho mai kwanciya bai kai ba, amma ka riƙe shi don shi zai nuna maka cewa abin da ake buƙata ɗan kaɗan ne sosai.

Ƙwai

In mutum ya ce min abu ɗaya kawai zai iya, ƙwai zan ce masa. Babba ɗaya giram 50 ne kusan, furotin giram 6, kalori wajen 70, kuma furotin ɗinsa cikakke ne, jiki na narkar da shi cikin sauƙi har da shi ake gwada sauran. Ka ga kenan karen kilo 10 ƙwai ɗaya ma ya ɗan haura masa iyaka, rabi ya ishe shi, ƙaramin kare mai kilo 5 kuwa rabin ne ma ƙarshen abin da zai samu a ranar.

Ƙanshinsa ba ya tashi kamar na hanta, matsakaici ne, amma yadda ka haɗa shi yana canja komai. In ka yanka shi gida huɗu ka ɗora a sama, kare zai tsince ƙwan ya bar maka sauran, wallahi sun iya wannan. Ka murƙushe shi da cokali mai yatsu tun yana da ɗumi, ka zuba ruwan ɗumi cokali biyu ko uku har gwaiduwar ta narke ta zama kamar miya, sannan ka juya abincin a ciki kowace ƙwaya ta shafu. Yanzu ba shi da abin tsincewa.

Dafaffe nake nufi ba ɗanye ba. Ɗanyen yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela wadda ba kare kaɗai take kamawa ba har yaran da yake lasa, kuma farin ɗanyen ƙwai yana da wani sinadari, abidin, da ke riƙe bitamin biyotin ya hana jiki amfani da shi in ana ba da shi kullum. Wuta tana maganin duka biyun. Dafaffe da ɓawonsa yana sati ɗaya a firij, wanda ba shi da firij kuma sai ya riƙa dafa na ranar kawai, minti 10 ne. In soyawa za ka yi ban da mai ban da gishiri.

Hanta, ƙundu da zuciya

Ana haɗa su a ce kayan ciki amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Hanta ita ce sarauniyar ƙanshi, da wuya ka ga karen da zai juya mata baya, furotin ɗinta giram 17 zuwa 20 a giram 100, kuma kusan ko'ina ta fi tsoka araha. Ga shi ba ta buƙatar yawa, ƙaramin cokali ɗaya ko biyu na markaɗaɗɗiya ya isa matsakaicin kare, don haka rabin kilo zai daɗe maka fiye da yadda kake zato.

Yadda ya fi sauƙi, ka tafasa ta a zallar ruwa minti 10 zuwa 15 har in ka yanka ba jini a tsakiya, kar ka zubar da ruwan don rabin ƙanshin yana ciki, ka markaɗa su tare ya zama ruwa-ruwa, ka ɗura a robar nan ta yin ƙanƙara mai gida-gida ka sa a firiza. Kullum ka ɓallo ɗaya ka narkar a ruwan ɗumi ka juya a abinci ka bar shi minti 5 ya tsuma. A firij kwana 3 zuwa 4 take yi, a firiza wata 2 zuwa 3. In babu firiza, ka yanka dafaffiyar siri-siri ka busar da ita ƙarau a oben da wuta ƙasa-ƙasa, ka daka ta zama gari, ka riƙa barbaɗawa.

Amma fa hanta tana da sharaɗi kuma ba na wasa ba. Bitamin A ya yi mata yawa, shi kuma ba ya fita da fitsari, taruwa yake a jiki, in aka daɗe ana cika wa kare ita sai ƙasusuwa da gaɓoɓi su fara sandarewa. Shi ya sa ake cewa kar ta wuce kashi 5 cikin 100 na abincinsa. Hantar saniya kuma tana da sinadarin jan ƙarfe da yawa, kuma akwai jinsunan da hantarsu ke tara shi har ya yi musu illa, irin su Bedlington, Labrador da Doberman, su gara ta kaza kuma kaɗan. Dalmatian shi ma a kiyaye masa kayan ciki gaba ɗaya saboda yana saurin yin tsakuwar mafitsara. Sannan ko lafiyayyen kare ne ka loda masa ranar farko, gobe da safe za ka sha wankin wuri, gudawa ce ba makawa.

Ƙundun kaza da zuciya su tsoka ce kawai, ba su da wannan matsalar ta bitamin A, don haka ana iya ba da su fiye da hanta. Ƙundu furotin giram 18 ne kusan kuma kitsensa kaɗan ne ƙwarai, ya dace da kare mai ƙiba, sai dai yana da tauri, yana son wuta kamar minti 40 ko fiye sannan a yanka ƙanana don masu haɗiye abu ba tauna. Zuciya ta fi shi maiƙo ta fi shi ƙanshi kuma tana da wani sinadari mai suna taurine da zuciyar kare ke amfani da shi. Ni dai haɗin da na fi yarda da shi, ƙundu mai yawa, hanta 'yar kaɗan, a tukunya ɗaya, ɗaya ya kawo furotin ɗaya ya kawo ƙanshi.

Kifin gwangwani

Sadin wajen jan hanci kafaɗa da kafaɗa yake da hanta, wasu karnukan ma sun fi son ƙarninsa. Furotin fiye da giram 20 a giram 100, ga man omega-3 mai gyara fata da gashi, ƙayarsa kuma ta dahu lugub a gwangwani ba ta maƙalewa. Ba dafawa ba komai, buɗe ka murƙushe, kuma in ba a buɗe ba yana shekaru a ajiye, ba abin da ya kama ƙafarsa wajen sauƙi. Inda ya faɗi shi ne kuɗi, in aka lissafa giram da giram yawanci ya fi ƙwai da kayan ciki tsada, shi ya sa na fi ganinsa abin sau ɗaya ko biyu a sati.

Ka nemi wanda aka yi cikin ruwa ba gishiri. In na cikin mai ne kawai ka samu ka tsiyaye man sosai, na cikin miyar tumatir ko yaji kuwa ka bar shi, ana yawan sa albasa da tafarnuwa. Kifin tuna ba ya maye gurbin sadin a kullum, babban kifi ne yana tara gubar makuri fiye da ƙananan. Ɗanyen kifi kuma a'a, wasu irinsa suna da sinadarin da ke lalata bitamin B1, ga tsutsar ciki, dafawa ce ke kawar da su. In ka buɗe gwangwani ka juye ragowar a roba mai murfi, kwana 3 a firij shikenan.

Wake da danginsa

Nan ne na fi saɓawa da mutane. Gaskiya ne babu abin da ya kai wake araha, busasshe yana shekara a ajiye ba firij ba komai, dafaffen wake ko lentil, wani ɗan ƙaramin dangin wake, furotin giram 8 zuwa 9 ne, dafaffen waken soya ya kai 17. Amma tambayarmu ita ce me zai sa kare ya ci, wake kuma ba ya kiran hancin kare ko kaɗan, in karenka yana ƙin abincinsa ka ƙara masa wake to ka ƙara masa dalilin ƙi ne kawai. Amfaninsa shi ne ƙara auki, ka murƙushe shi cikin ruwan hanta ko romo, ƙanshin ya zo daga can shi kuma ya cika ciki. Furotin ɗinsa ma bai cika ba, yana da ƙarancin metiyonin, ɗaya daga sinadaran da ke haɗa furotin, sai an haɗa da na dabba.

Wahalarsa ta fi ta kowa, jiƙawa, zubar da ruwan, dafawa har ya yi laushi gafin ya fita. Rabin dahuwa haɗari ne, jan wake mai siffar ƙoda yana da guba da sai ya tafasa sosai aƙalla minti 10 take mutuwa, ɗanyen waken soya kuma yana hana narkewar furotin. Ko ya dahu ɗin ma ka shirya wa tusa da kumburin ciki in ya yi yawa.

Akwai kuma maganar zuciya. A watan Yulin 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fara binciken rahotannin wani ciwo da ke sa zuciyar kare ta buɗe ta yi rauni, a karnukan da ke cin abincin da aka cire masa hatsi aka cika shi da fis, wato koren wake, lentil da dankali. A ƙarshen 2022 hukumar ta ce ba za ta ƙara fitar da bayani ba sai an samu sabuwar hujja mai ƙarfi, kuma ba ta ce ta tabbatar wake ne sanadi ba. Cokali biyu a kwano ba shi ake magana ba, amma ka duba jikin buhunka, in dama su ne a sahun farko na kayan haɗin, ba dalilin ƙara wani.

Yogot, gyaɗa da tsutsa

Yogot mara suga furotin ɗinsa giram 3 zuwa 4 ne kacal, wanda aka tace ya yi kauri yana kai 10. Yana manne wa abinci da kyau kuma da yawansu suna son tsaminsa, amma manyan karnuka da dama ba sa narkar da sugan madara, ka fara da ƙaramin cokali ka ga yadda kashinsa zai kasance.

Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba karnuka na haukar sonta, furotin giram 25, sai dai rabinta mai ne, babban cokali ɗaya kalori 95, ya riga ya wuce iyakar ƙarin karen kilo 10 na yini guda. Maiƙo da yawa kuma yana jawo kumburin fankiriyas, wata gaɓa a ciki mai taimaka wa narkewar abinci, ciwo ne mai zafi da amai. Dole ka karanta jikin kwalbar, in ka ga an rubuta xylitol ka ajiye ta, wannan abin zaƙin yana faɗar da sugan jinin kare cikin ƙasa da awa ɗaya har ya lalata hanta, kuma ana sa shi a wasu yogot ɗin ma. Gyaɗar da ta yi funfuna ita ma guba ce, afalatoksin, irin gubar da ta shiga wani abincin kare ta hanyar masara a Amurka ta kashe karnuka fiye da 100 tsakanin ƙarshen 2020 da 2021. Ni gyaɗa ta ɓoye ƙwayar magani ce a wurina, ba ta kwanon kullum ba.

Busasshiyar tsutsar baƙin ƙudan soja sabon shiga ce, furotin wajen giram 40, tana watanni a ajiye ba firij, kuma AAFCO, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idar abincin dabbobi a Amurka, ta amince da ita a abincin manyan karnuka a 2021. Arahar ta danganta da ko ana kiwonta kusa da kai, wani kare ya so wani ya ƙi.

| Zaɓi | Furotin a giram 100 | Jan hanci | Kuɗi | Ajiya | Wahala | Abin tsoro |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Dafaffen ƙwai | 13 | matsakaici | araha | sati 1 a firij | kaɗan | salmonela in ɗanye ne |
| Hanta | 17 zuwa 20 | sosai | araha, tana auki | kwana 3 zuwa 4, wata 3 a firiza | matsakaiciya | bitamin A, jan ƙarfe, gudawa |
| Ƙundu da zuciya | 16 zuwa 18 | da kyau | araha | kamar hanta | doguwar dahuwa | shaƙewa in yankan manya ne |
| Sadin | fiye da 20 | sosai | da ɗan tsada | shekaru a rufe, kwana 3 a buɗe | babu | gishiri, mai, albasa |
| Dafaffen wake | 8 zuwa 9, soya 17 | kaɗan | ya fi kowa araha | shekara a bushe | mai yawa | rabin dahuwa, kumburin ciki |
| Yogot | 3 zuwa 10 | matsakaici | matsakaici | sati 1 zuwa 2 | babu | gudawa, xylitol |
| Gyaɗa | 25 | sosai | matsakaici | watanni | babu | maiƙo, xylitol, funfuna |
| Tsutsar ƙudan soja | wajen 40 | ya danganta da kare | ya danganta da wuri | watanni | babu | maiƙo in ba a tace ba |

Ban sa romo a teburin ba don furotin ɗinsa ba wani abin kirki ba ne, amma in ƙanshi kawai kake nema, ƙafar kaza ko wuya ka tafasa ka kwashe kitsen sama ka zuba da ɗuminsa, kusan kyauta ne. Ƙashin ka jefar inda ba zai tono ba, dafaffen ƙashi tsagewa yake ya yi tsini ya huda hanji. Kuma kar a ɗebo daga tukunyar gida, albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare ko sun dahu, dunƙulen ɗanɗano kuma gishiri ya yi masa yawa.

Ko wanne ka zaɓa, ɗaya-ɗaya za ka shigo da su, kwana huɗu ko biyar kana kallo. Naman saniya, madara da kaza su ne kan gaba wajen jawo wa karnuka borin jini, in ka ga yana susa, yana lasar tafin ƙafa ko kunnensa ya yi ja, ka san wanda za ka cire. Abincin da aka jiƙa kuma kar ya wuce awa 2 a kwano.

To wa zai ɗauki me

In karenka lafiyarsa ƙalau yanga ce kawai, hanta ce amsarka, ƙanƙara ɗaya a ruwan ɗumi, kuma ka ajiye kwanon minti 15 zuwa 20 in bai ci ba ka ɗauke sai lokaci na gaba, don in kullum ya ƙi ka kawo wanda ya fi daɗi kai kake koya masa ƙi. Wanda ba shi da firij ko lokaci, ƙwai na ranar, sadin a ajiye don ranar da ba hali. Kare mai ƙiba ƙundu da romon da aka kwashe wa kitse, gyaɗa kuwa kar a ba shi ko kusa. Tsohon kare da haƙora suka yi rauni, ƙwai ko sadin a jiƙa abincin ya yi laushi, ɗumin ma yana taimaka masa tunda hanci na raguwa da shekaru. Mai busasshiyar fata da gashi mara sheƙi sadin. Wanda kaza da saniya ke sa shi ƙaiƙayi, kifi ko tsutsar ƙudan soja.

Mai karnuka da yawa da yake dafa musu da kansa shi ne wake zai yi wa rana, wake da ƙundu da ƙwai da 'yar hanta, amma shi lissafinsa ya wuce na kashi 10, abinci cikakke yake haɗawa. Ƙa'idar AAFCO ita ce furotin aƙalla kashi 18 cikin 100 na busasshen nauyi ga babban kare, 22.5 ga 'yan kwikwiyo da masu shayarwa, kuma nama da kayan ciki fosfaras ne da su da yawa, kalsiyam mai gina ƙashi kuwa kaɗan ne, in ba a daidaita ba ƙashin ɗan kwikwiyo ne zai lanƙwashe, don haka ya zauna da likitan dabbobi a auna masa haɗin. Karen da ke da ciwon ƙoda, ko ya taɓa kumburin fankiriyas, ko likita ya ɗora shi kan wani abinci na musamman, shi ruwan ɗumi kawai za ka zuba masa har sai ka tambayi likitan nasa.